Igiya kafin kafaɗa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata sana'a da Hausa ba ta raɗa wa suna ba, wato dakon piyano. Masu yin ta 'yan dako ne, amma da yawansu ba su da wani aiki sai fitar da wannan babban abin kiɗa daga wani gida su shigar da shi wani, ko da gidan yana hawa na goma ne. Sau da yawa hanyar da za su bi ita ce lifta, ƙaramin ɗakin nan na ƙarfe mai hawa da sauka da mutane a dogon bene, wanda masu jin Faransanci a nan suke kira asansar. Mu a Lamadji ba mu da piyano, gidajenmu kuma ba su da lifta. Amma matsalar da waɗannan mutane suka ƙware a kanta tamu ce, domin da wuya shekara ta wuce ba a kawo maganar kayan da ya fi ƙarfin ƙofa gaban dattijon da muke yi wa hidimar rubutu ba. Saboda haka muka ga ya dace mu dubi yadda suke aikinsu, sannan mu waiwayo kan zaurukanmu da lungunanmu.

Wanda bai taɓa ganin babban piyano ba sai a talabijin zai iya ɗauka tebur ne mai ƙafa uku. Wani mutumin Italiya mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro piyano a birnin Florence wajen shekarar 1700. Na zamanin yau yana da madannai 88, a cikinsa kuma akwai wayoyi kimanin 230 da aka ɗaure tamau a jikin wani faranti na zubin ƙarfe. Ƙarfin jan wayoyin nan idan aka haɗa ya kusa tan 20, shi ya sa farantin yake da kauri da nauyi. Irin wanda ake kaɗawa a manyan ɗakunan taro tsawonsa mita 2 da santimita 74, faɗinsa wajen mita ɗaya da rabi, nauyinsa kimanin kilo 480, wato ya kusa buhun gero biyar masu kilo ɗari-ɗari. Sai dai shi ba ya rabuwa gida biyar kamar buhunan, kuma faɗuwa ɗaya tana iya gamawa da shi. A farkon shekarar 2020 piyanon wata shahararriyar makaɗiya 'yar Kanada, Angela Hewitt, ya suɓuce wa masu dako a birnin Berlin, farantin ƙarfen ya karye, wanda ya ƙera shi ya duba ya ce ba ya gyaruwa.

Liftar da aka fi sakawa a benayen kwana a Turai tana ɗaukar mutum takwas, ko kilo 630. Faɗin cikinta santimita 110, zurfinta 140, ƙofarta 80 ko 90, tsayinta ya ɗan haura mita biyu. Idan don nauyi ne, za ta ɗauki piyano har da mutum guda a gefensa. Abin da ke hana shi shiga shi ne siffarsa, tunda faɗinsa kaɗai ya fi zurfin ɗakin. Akwai wata liftar da ta fi wannan, mai ɗaukar kilo 1,000, wadda zurfinta ya kai santimita 210, kuma a irinta ne masu dako suke sa rai.

Kafin ranar aiki, shugabansu yakan zo shi kaɗai da abin awo. Yana auna ƙofar gida, da ƙofar lifta, da cikinta, da filin da ke gabanta inda za a juya kayan. Ranar aiki sai su ɗaure murfin, su cire abin takawa, su kwance ƙafa ɗaya, su karkato da piyanon a hankali har ya kwanta a kan gefensa miƙaƙƙe bisa wani katako mai laushin shimfiɗa, sannan su cire sauran ƙafafun biyu. Su naɗe shi da barguna, su ɗaure shi da katakon, su ɗora a kan 'yar kura mai taya. Abin da ɗazu ya cika rabin ɗaki ya koma siriri, kaurinsa bai wuce rabin mita ba. Idan tsawonsa ya fi zurfin lifta kuma rufinta yana da tsayi, sai su tsayar da shi a kan gefen madannai. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, sauran ba sa motsa hannu sai sun ji muryarsa. Idan awo ya nuna ba zai shiga ba, ba wanda ke cewa a gwada a gani. Ko dai a bi matakala, ko a kira injin ɗaga kaya ya shigar da shi ta taga. A birnin Amsterdam na ƙasar Holan, inda matakalan tsofaffin gidaje suke da tsananin ƙunci, magina tun ɗaruruwan shekaru suna kafa wani gungumen katako mai ƙugiya a can saman gida domin a riƙa jawo kaya da igiya a shigar ta taga.

Piyanonmu mu Hausawan nan shi ne kayan ɗakin amarya, liftarmu kuma zaure. Tun bayan da aka kafa garin nan a 1900 da sunan Fort-Lamy, kafin a mayar da shi N'Djamena a 1973, kakanninmu suna yada zango a nan a kan hanyarsu ta zuwa Makka, wasu kuma fatauci ya kawo su, da yawa suka zauna. Abin da jaki ko takarkari zai iya ɗauka shi ne dukiyarsu. Da suka tashi gini sai suka yi irin na gida: zaure a gaba, ƙofar waje ba ta kallon ƙofar ciki, wani lokaci da shigifa a tsakani, domin mai wucewa kada idonsa ya faɗa cikin gida. Wannan karkata da gangan aka yi ta, kuma tana cikin abin da ke tsare mutuncin iyali. Kayan ɗakin iyayenmu mata ba su taɓa yin faɗa da ita ba. Tasoshi da kwanuka da ƙore da tabarmi ɗaya bayan ɗaya suke shiga a kan 'yan jere, gadon ƙarfe mai rumfa kuwa kwance shi ake yi sanda-sanda, a haɗa shi a ɗaki.

Yau abin ya sauya. Gado faɗinsa mita ɗaya da santimita 80, tsawonsa mita biyu, allon kansa wani lokaci ya fi mutum tsayi. Ga durowa mai ƙofa huɗu ko shida, wadda wasu ke kira armuwar, ga kujerar zaman mutum uku, ga firiza. Wasu kayan daga Kano suke tasowa, su bi Maiduguri da Gamboru da Fotokol da Kusseri, su haye gadar Ngueli. Wasu daga Dubai ko Turkiyya ko Sin, su sauka tashar jiragen ruwa ta Duwala, su yi tafiyar kusan kilomita 1,800 kafin su iso. Uba ya yi shekaru yana tari, uwa ta yi adashi, kayan sun tsallake kwastan da ramukan hanya lafiya, sannan su zo su tsaya cik a taku biyar na ƙarshe.

Wata shekara bayan sallar La'asar aka zo gidan dattijo da irin wannan magana. An kawo kayan wata amarya, kafinta ya haɗa durowar da gam da ƙusa ta zama abu guda. Ta shige ƙofar waje da ƙyar, ta tsaya a tsakiyar zaure, ta ƙi juyawa ta nufi ƙofar ciki wadda ke gefe. Samari sun yi turi har fentin ya fara ɓarewa, kowa yana faɗin tasa. Dangin amarya suka ce a fasa bango. Bangon kuwa na tarayya ne, bayansa ɗakin maƙwabci ne, wani Balarabe da ya riga angon zama a layin.

Gwaggon amarya ce ta yi magana. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kayan 'yarmu ba za su kwana a zaure ba. Gobe kowa a unguwa zai ce akurki aka ba ta."

Dattijo ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Rabin bangon nan ba namu ba ne. In muka taɓa shi ba da yardar mai shi ba, ba za a ce gidan wane ne suka yi ba, cewa za a yi Hausawa suka yi." Sannan ya dube mu ya ce, "Malam, ku ɗauki igiya ku je ku auno mini abu uku: faɗin ƙofar ciki, da tsayinta, da nisan da ke tsakaninta da bangon da take kallo."

Muka je muka auna, muka ƙulla igiyar a kowane gwaji, muka gwada a jikin durowar. Faɗin ƙofa ya isa idan an cire ƙyaure. Tsayi ma ya isa idan an kwantar da ita a gefe. Wurin juyawa ne ya gaza da kusan taƙi biyu, kuma ƙarfin samari ashirin ba zai ƙara masa ko yatsa ba. Dattijo ya taso da kansa ya yi sallama da maƙwabcin, suka yi magana da Larabcin nan na gari. Gidan mutumin yana da babbar ƙofa da pus-pus ke shiga, kuma katangar da ta raba tsakar gidajen biyu gajeriya ce. Ya amince, iyalinsa suka shige ɗaki. Aka fitar da durowar ta inda ta shiga, aka cire madubai da ƙofofinta aka ba mata suka riƙe, aka naɗe ta da tabarmi da barguna, aka shimfiɗa katifa a kan katanga. Dattijo ya nuna wani tsohon ɗan dako da ya yi shekaru yana aiki a Babbar Kasuwa, ya ce daga yanzu kada a ji muryar kowa sai tasa. Mutum huɗu a wancan gefe, huɗu a wannan, igiya biyu a tsakani. Kafin kiran Magariba durowa tana tsaye a ɗakin amarya, bango yana nan yadda yake, kuma da aka yi girkin biki gidan maƙwabcin aka fara kai wa.

Babu abin da aka yi a ranar nan wanda masu dakon piyano ba za su gane ba. An auna kafin a sake ɗagawa, an rage wa kayan abin da ke ciruwa, an ba mutum ɗaya magana, kuma da awo ya ce a'a sai aka nemi wata hanya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk wanda ya ga ana ɗora jinka a ƙauye ya san hannaye da yawa suke ɗagawa amma baki ɗaya ke cewa a ɗaga. Mun kuma ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sha'anin ƙofa kam ido yana yaudara, domin faɗin ƙofa yake gani, ba ya ganin kusurwar da dogon kaya zai ci kafin ya juya.

Don haka muna ba iyaye shawara, kafin a aika kuɗi Kano ko Dubai, a tura yaro da abin awo gidan da amarya za ta zauna, a aika wa mai sayayya da lambobin ta WhatsApp. Wanda zai ba kafintan gida aiki ya ce masa a yi durowa gida biyu ko uku, a haɗa da noti, yadda za a iya kwancewa. A kuma sani cewa yawancin kayan da ke zuwa daga waje da matsattsen garin katako aka yi su. Ba sa jure yawan kwancewa da ɗaurawa, kuma idan suka kwana a ƙasa mai laima da damina sai su kumbura su ruguje. Irin waɗannan a kwalinsu ya kamata su shiga ɗaki, a haɗa su a inda za su zauna.

Akwai kuma abin da ya fi kayan ɗaki nauyi a cikin wannan magana. Liftar nan mai zurfin santimita 210 da muka ambata, babban dalilin ba ta wannan awo shi ne ta ɗauki mutum a kwance a kan gadon ɗaukar marar lafiya. A ƙasar Japan ma akwai benayen da liftarsu take da wata 'yar ƙofa a ƙasan bangon baya, wadda ake buɗewa a sami ƙarin zurfi idan za a sauko da marar lafiya ko akwatin gawa. Masu tsara waɗannan gine-gine sun tuna cewa duk wanda ya hau da ƙafarsa, wata rana a kwance za a sauko da shi.

Mu mutanen Lamadji ba mu bukatar a tuna mana wannan. Babbar maƙabartar Musulmin N'Djamena a unguwarmu take, kuma babu ranar da motoci ba sa wucewa da jana'iza daga kowace kusurwa ta gari. Makara tsawonta wajen mita biyu ne, mutane suna kama ta gaba da baya. Piyano ana cire masa ƙafafu, durowa ana kwantar da ita a gefe ko a haura da ita katanga, in ta ƙi ma a mayar wa kafinta. Makara ba a karkata ta, ba a tsayar da ita, ba a rage mata komai. Mun halarci gidan da makara ta kasa shiga, aka ajiye ta a bakin layi, aka fito da mamaci a tabarma ana lanƙwasawa a kwanar lungu, 'ya'yansa suna kallo. An yi masa sutura yadda ta kamata, amma waɗanda suka kama tabarmar nan ba su manta ba. Mun kuma ga mace mai naƙuda da aka tallabo tafiya mai nisa cikin taɓo da dare, saboda mota ba ta iya kaiwa ƙofar gidan.

Lungunan nan ba haka aka yanka su ba tun farko. Lamadji sabuwar unguwa ce idan aka kwatanta da tsofaffin unguwannin tsakiyar gari irin su Mardjandaffack da Ambassatna, kuma yawancin layukanta da faɗinsu aka fitar. Mu ne muke cin su kaɗan-kaɗan. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa ramin ruwan wanka a waje, wani ya ƙara shago, wani ya jibge buhunan yashi don tare ruwan damina ya bar su har suka zama gini. A cikin gida kuma rabon gado ne ke kawo ƙunci. Fili ɗaya ya zama gida huɗu, na can ƙurya aka bar masa siririyar hanya mai kwana biyu, domin kowane magaji yana ganin taƙi ɗaya da zai bari asara ce. Da yawa daga cikin takardun sulhun da muke rubutawa a kan wannan taƙin suke.

Magabata ba su bar wannan babi a buɗe ba. Buhari da Muslim sun ruwaito hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa idan mutane suka yi saɓani a kan faɗin hanya a sanya ta zira'i bakwai, wato wajen mita uku da rabi. Masu nazarin tsofaffin biranen Musulmi sun lura cewa wannan faɗi ya isa raƙuma biyu masu ɗauke da kaya su gifta juna. A ƙarni na 14 wani magini a birnin Tunis, Ibnur Rami, ya tattara hukunce-hukuncen malaman Malikiyya a kan gini da hanya da bangon tarayya a littafi guda, saboda alƙalai suna aika shi duba irin rigingimun da muke gani yau. Wanda ya ci hanya haƙƙin jama'a ya ci, kuma cikin jama'ar har da shi kansa ranar da za a ɗauke shi.

Abin da muke roƙo ba ya cin kuɗi. Duk wanda zai yi sabon gini, ko zai raba gida tsakanin magada, ko zai ƙara ɗaki, ya sami gora ko sanda mai tsawon mita biyu da rabi. Mutum biyu su riƙe ta a kwance, ɗaya gaba ɗaya baya, su taso daga ɗakin da ya fi nisa har bakin titi, ba tare da sun ɗaga kanta sama ko sun karkata ta ba, kuma da sararin da mutum zai tsaya a kowane gefe. Duk inda ta tokare, nan ne za a gyara tun bulo bai hau ba. Wannan ba ya nufin a daidaita ƙofar zaure da ta ciki a tone asirin gida. Karkatar tana nan, abin da ake bukata kawai zauren ya sami zurfin juyawa, ƙofofin kuma kada su gaza mita ɗaya. Maginanmu sun iya, in dai mai gida ya faɗa musu tun wajen fitar da harsashi.

Dattijo ya sa an ajiye gora da igiya mai ƙulli a zaurensa saboda wannan. Mai bukata ya zo bayan La'asar, za a haɗa shi da yaro su je su gwada, kuma in hanyar ta shafi maƙwabci za mu je tare da bulama a zauna a rubuta. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa mu cika da kyau da imani.